Harba Ƙananan Rokoki da Yara: Abin da ke Faruwa Tsakanin Danna Makunni da Buɗewar Lema

Yarinya 'yar shekara tara tana riƙe da ɗan akwati mai batir. Waya ta miƙe daga hannunta har mita biyar, zuwa wata siririyar sandar ƙarfe da aka kafa a tsakiyar fili. A jikin sandar akwai roka da tsawonta bai wuce kamu guda ba, gangar jikinta bututun kwali, fika-fikanta katako mara nauyi, fentin da aka shafa mata ma bai zauna daidai ba saboda ƙaninta ne ya yi. Mahaifinsu ya ɗaga kai ya dubi sama, ya dubi hagu da dama, ya ce, "Sa makullin, sai ki ƙirga mana." Biyar, huɗu, uku, biyu, ɗaya. Sai wani sauti, fyuuu, da farin hayaƙi. Kafin ido ya kai kan sandar, rokar ta yi nisa. Can sama ta zama ɗigo, aka ji ɗan "fat" daga nesa, jar lemar saukowa ta buɗe, yara suka kwasa da gudu.

Duk wannan bai kai minti ɗaya ba. Amma babu abu guda a cikinsa da ya zo bisa sa'a. Tsawon lokacin da wutar ta ci, sakan nawa rokar ta yi tana hawa bayan wutar ta mutu, dalilin da ya sa ta miƙe ba ta yi ta katantanwa ba, har inda iska za ta ajiye ta, duk an riga an yanke su a kan teburin gida. Abin da ya sa nake ganin wannan wasa ya dace da iyali ke nan fiye da yawancin kayan wasan da ake saye a kunna a zauna kallo. Yaro yana iya yin hasashe da hannunsa da fensirinsa, sararin sama kuma ya ba shi amsa nan take, a gaban kowa.

Sai dai wasan ba haka ya fara ba, kuma wanda bai san farkonsa ba ba zai gane dalilin dokokinsa ba. A ranar 4 ga Oktoba 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko. Zazzaɓin roka ya kama samarin Amurka. Yara suka riƙa shiga ɗakin ajiya suna haɗa sinadarai, suna ɗura kawunan ashana ko garin zink da farar wuta cikin bututun ƙarfe. Bututun ƙarfe da aka cika da abu mai ci da wuta aka toshe, bam ne, ko da mai yinsa ya kira shi roka. Wasu suka rasa yatsu, wasu idanu, wasu rayukansu.

Tun kafin nan, a 1954, wani mai sayar da takalma a garin Norfolk na jihar Nebraska, Orville Carlisle, wanda ke da lasisin haɗa kayan wasan wuta, ya ƙera wa ɗan'uwansa Robert wani ɗan inji a cikin kwanson takarda, wanda ake amfani da shi sau ɗaya a zubar. A farkon 1957 ya aika samfuri ga G. Harry Stine, jami'in kula da lafiyar jama'a a filin gwajin makamai masu linzami na White Sands. Stine ya ga maganin matsalar a tafin hannunsa. A shekarar aka kafa ƙungiyar da ta zama NAR, ƙungiyar masu harba ƙananan rokoki ta Amurka, ya kuma tsara dokokin kariya bisa abin da ya saba gani a wurin aikinsa. A 1958 Vern Estes ya ƙera na'urar da ya raɗa wa suna Mabel, mai fitar da inji ɗaya duk sakan biyar da rabi, kamfaninsa kuma ya koma Penrose ta jihar Kolorado a 1961.

Hikimar duka a rabon aiki take. Ɓangaren da ke kisa, wato haɗa makamashi, an ɗauke shi daga hannun yara an bar wa masana'anta. Sauran, zane da yanka da manne da lissafi da harbawa, an bar wa mai wasa. Don haka duk wanda ya ce zai haɗa wa 'ya'yansa makamashi a gida saboda ya ga bidiyo a intanet, ya bar wannan wasa, ya koma wancan da aka gudo daga gare shi. A nan ba ni da sassauci ko kaɗan.

To, mene ne a cikin injin? Wanda aka fi amfani da shi kaurinsa milimita 18 ne, tsawonsa milimita 70, kamar babban yatsa. Kwansonsa takarda ce da aka nannaɗe ta yi tauri. A ƙasa akwai toshiyar yumɓu mai ɗan rami a tsakiya, ta nan iskar wuta ke fita. Sama da ita albarushi ne da aka danne da ƙarfin na'ura har ya zama dunƙule guda, haɗin gawayi da farar wuta da sinadarin potasiyam naitiret. Dannewar nan ita ce sirrin. Garin albarushi yana kamawa gaba ɗaya a lokaci guda, amma dunƙulalle daga fuska ɗaya yake ci, yana bi a hankali zuwa sama. Iskar da ƙunar ta haifar tana fita ta ramin da gudu, rokar kuma ta tafi ɗaya ɓangaren, kamar yadda Isaac Newton ya bayyana a dokarsa ta uku tun 1687. Ba ƙasa rokar ke tokara ba, ba kuma iskar waje ba. Abin da take watsarwa ta baya shi ke tura ta gaba, shi ya sa roka ke aiki har inda babu iska.

Da albarushin tuƙi ya ƙare, wutar sai ta shiga hawa na biyu, wani sinadari mai ci a hankali wanda ba ya tura komai, hayaƙi kawai yake yi. Aikinsa jinkiri. A wannan lokacin rokar tana ci gaba da hawa da gudun da ta riga ta samu, kuma abin da ke ba mutane mamaki shi ne, ga roka mara nauyi, mafi yawan tsayin a nan take samunsa, bayan injin ya yi shiru. Hawa na uku ɗan albarushi ne sako-sako. Da wuta ta iso shi sai ya buga ta cikin bututun, ya tunkuɗe hancin rokar waje, ya fito da lema. "Fat" ɗin da aka ji daga ƙasa ke nan.

Duk wannan labari a rubuce yake a jikin injin, cikin harafi ɗaya da lambobi biyu. Ɗauki B6-4. Harafin yana nuna jimillar ƙarfin da ke ciki, wato ƙarfin tura sau tsawon lokacin turawa. Ajin A yana kaiwa niyutan-sakan 2.5, B 5, C 10, D 20, kowane harafi ninkin na bayansa, har zuwa G mai 160, wanda ya ninka A sau 64. Lambar farko, 6, matsakaicin ƙarfin turawa ce da ma'aunin niyutan, kusan abin da hannunka zai ji idan ka ɗora masa giram 600. Raba 5 da 6, ka ga wutar ba ta cika sakan ɗaya ba. C6 ƙarfin turawarsa ɗaya da B6, sai dai ya ninka shi daɗewa. Wannan bambancin yana rikita manya ma, har sai an zauna an yi rabawar.

Lambar ƙarshe, 4, ita ce sakan nawa za a jira kafin lema ta fito, kuma a nan ne gwani ke bambanta da ɗan koyo. Ana so lemar ta buɗe daidai ƙololuwa, lokacin da rokar ta kusa tsayawa cak kafin ta juyo. Idan jinkirin ya yi gajere, lemar za ta fito rokar tana tsananin gudu, igiyoyinta su tsinke ko igiyar da ta haɗa hanci da jiki ta tsaga bututun kamar an zuge zif. Idan ya yi tsawo, rokar ta riga ta juya tana sheƙowa da kai, wani lokaci ma ta dira ƙasa kafin lemar ta fito. Roka mai nauyi ko mai kauri gajeren jinkiri take so, siririya mara nauyi dogo. Injin da lambarsa ta ƙare da sifili ba shi da jinkiri ko abin fidda lema, an yi shi ne don ya kunna wani inji a roka mai hawa biyu. Wanda ya sa shi a roka ta gama-gari zai ga ta dawo kamar mashi.

Sai tambayar da ta fi daɗi a wurina, wadda yara kan yi da kansu: babu direba, babu sitiyari, me ke riƙe ta a miƙe? Akwai wurare biyu a jikin kowace roka da ido ba ya gani. Na farko cibiyar nauyi, inda za ka ɗora ta a kan yatsa ta zauna ba ta karkata ba. A sama, duk juyin da roka za ta yi a kan wannan wuri take yinsa. Na biyu cibiyar bugun iska, inda za a ce duk ƙarfin iskar da ke bugun gefenta ya taru. Ƙa'idar ita ce cibiyar nauyi ta kasance gaba, ta wajen hanci, cibiyar bugun iska kuma a baya, da ratar da ta kai aƙalla kaurin bututun. Idan haka ne, da hanci ya ɗan kauce, iska za ta bugi fika-fikai ta mayar da wutsiya kan layi. Idan aka samu akasi, ƙaramar kaucewa iska za ta ƙara mata, rokar ta hau wulwulawa kusa da kawunan mutane da wuta a gindinta.

Gwajin ba ya buƙatar komai sai zare. Sa inji da lema da komai kamar za a harba, nemo inda take daidaita, ɗaure zare a wurin, ka riƙa kaɗa ta a kewayen kanka. Idan hanci ya shige gaba ya zauna, alama ce mai kyau. Idan tana tafiya da baya ko a karkace, a ƙara ɗan nauyi a hanci ko a faɗaɗa fika-fikai. A kula, babban inji ya fi ƙarami nauyi, kuma a baya yake zama, saboda haka rokar da ta tashi lafiya da A tana iya rikicewa da C. Masu son lissafi suna da hanyar da James Barrowman ya fitar a 1966, wadda manhajar OpenRocket ta kyauta ta ginu a kai, inda za ka zana rokarka a kwamfuta ka ga cibiyoyin biyu suna motsi. Kada wanda ya kasa gane wannan da farko ya ji kunya. Robert Goddard da kansa, a rokarsa ta farko mai ruwan makamashi da ya harba ranar 16 ga Maris 1926, sama ya ɗora injin, da zaton abin da ake ja ta gaba ba zai kife ba. Rokar ta yi sakan biyu da rabi, ta hau kimanin mita 12.5. Rokar kwalin da yarinyar nan ta harba da injin A ta ninka wannan tsayi sau da yawa.

Fika-fikai ba sa aiki sai da gudu, shi ya sa ake buƙatar sandar harbawa. A jikin rokar ana manna ɗan bututu kamar tsinken shan lemo, a zura shi a sandar mai tsawon kusan mita guda, ita ke riƙe rokar har ta yi saurin da iska za ta karɓi aikin.

Hawa ba shi ne wuya ba. Yawancin rokokin da ake asara, a saukowa ake asararsu, kuma yawanci laifin babban mutum ne da ya ga inji mai harafin C ya ce ai gara a ga abin sosai. Yi lissafin. Roka mara nauyi tana iya kai mita 300 da injin C. Idan lema tana sauko da ita mita huɗu a sakan, za ta yi sakan 75 a sama. Iska mai gudun mita huɗu a sakan, wadda a ƙasa iska ce mai sauƙi, za ta kai ta mita 300 daga inda kuke tsaye, bayan katangar wani ko kan bishiyar da ba ta hawuwa. Da injin A, in ta hau mita 80, cikin sakan 20 ta sauko kusa, yaro ya gan ta tun daga tashi har dira, ya ɗauko abinsa. Wanda ya kwana uku yana goge fika-fikai da samfefa, ba tsayi ne ya dame shi ba, so yake rokarsa ta dawo. Shi ya sa jadawalin NAR ya ɗaure girman fili da girman inji: mita 30 kowane gefe ga A, 60 ga B, 120 ga C, 150 ga D.

Akwai dabarun rage ɓata. Ana yanke ɗan rami a tsakiyar lema don ta sauko da sauri, ko a sauya ta da dogon ƙyallen leda mai kaɗawa idan rokar ba ta da nauyi. Ana barbaɗa wa lemar leda hoda don kada ta manne. Tsakanin inji da lema kuwa dole a cusa takarda ta musamman da ba ta cin wuta, in ba haka ba lemar za ta fito a narke. Takardar goge hannu ta gida ba ta maye gurbinta, za ta fito da wuta ta faɗa kan busasshiyar ciyawa. Wani abin lura, roka mai daidaito tana karkata ne zuwa inda iska ke fitowa yayin hawa, sannan lema ta dawo da ita ta ɗaya ɓangaren. Wannan ma abin tattaunawa ne da yara kafin a danna.

Sauran dokokin kaɗan ne, kuma kowace tana da dalili a fili. Ba a kunna roka da ashana, sai da lantarki, ta wata siririyar waya da ke yin ja idan batir ya bi ta cikinta. Akwatin yana da makulli da ake cirewa, kuma makullin yana aljihun wanda ya je ɗaura waya. Kowa ya tsaya aƙalla mita huɗu da rabi daga injin D zuwa ƙasa, mita tara ga wanda ya fi haka. Ba a karkata sanda fiye da digiri 30 daga tsaye, ba a harbawa cikin gajimare ko kusa da jirgin sama, ko iska ta wuce kilomita 32 a awa. Ba a sa ƙarfe a hanci ko jiki ko fika-fikai. Rokar da ta maƙale a wayar lantarki ta zama ta wayar, a bar ta. Inji kuma ba a barinsa cikin mota mai zafi ko a yar da shi ƙasa, domin dunƙulen yana iya tsagewa a ciki, wuta ta bi tsagar ta fasa rokar a kan sanda.

Dokar da na fi ganin darajarta ita ce ta ranar da aka danna abu ya ƙi tashi. Kowane yaro ƙafarsa za ta motsa zuwa wurin rokar. A nan ake cire makulli, a tsaya, a ƙirga sakan 60 cif kafin kowa ya matsa. Minti guda ne mai tsawo ƙwarai ga ɗan shekara bakwai. Yawanci matsalar ƙarama ce, ko wayar ba ta taɓa albarushi ba ko maƙalan biyu da ke riƙe wayar sun haɗu da juna, amma jiran ba a rage shi, ko uba ne ya ƙosa.

Aiki a filin yana isar kowa. Ƙarami shi ne mai ƙirgawa da mai ɗaukowa. Babba a ba shi ma'aunin kusurwa na makaranta da zare mai ɗan nauyi a ƙasa, ya tsaya mita 100 daga sanda, ya auna kusurwar rokar lokacin da ta kai ƙololuwa. Digiri 45 na nufin tsayin ya yi daidai da nisansa, mita 100. Digiri 30 kusan mita 58 ne, digiri 60 kuma mita 173. Lissafin tanjen da ake haddacewa a aji ba a san amfaninsa ba, ga shi ya zama hanyar raba gardama tsakanin wa da ƙanwa kan rokar wa ta fi nisa.

Kafin a sayi komai, a bincika dokar ƙasa. A Amurka, rokar da ba ta wuce giram 1,500 ba, makamashinta bai wuce giram 125 ba, tana ajin da ba ya neman izinin hukumar jiragen sama. Wasu ƙasashen kuwa suna sa injinan ƙarƙashin dokar abubuwan fashewa, kuma ba kaya ba ne da fasinja zai sa a jaka ya hau jirgi. Inda injin ba ya samuwa ko doka ta hana, akwai rokar ruwa: robar lemo mai gas, ruwa kusan sulusinta, da famfon keke. Cibiyar nauyi da cibiyar bugun iska da lema da auna kusurwa, duk suna nan yadda suke. Ita ma ana ja da baya, kuma ba a taɓa amfani da kwalba mai fashewa. Wanda abin ya shiga ransa sosai, hanya a buɗe take: ɗalibai a Amurka suna gasar harba ɗanyen ƙwai zuwa wani tsayi da aka ƙayyade a dawo da shi bai fashe ba, manya kuma suna neman takardar shaida kafin a sayar musu da injin H zuwa sama.

Yaran sun dawo suna haki, rokar a hannun yarinyar. Fiffike ɗaya ya ɗan tsage a gindi, gefen lemar ya yi baƙi. Tsagewar tana nufin ta dira da ƙarfi ko gam bai kama ba. Baƙin yana nufin takardar karewar ta yi kaɗan. A rubuta duka a littafi, da sunan injin, da yanayin iska, da kusurwar da wanta ya auna. Za ta ce, "Baba, yanzu mu sa C." A ba ta amsa da tambaya: filin nan taku nawa ne daga wannan gefe zuwa wancan? Ta je ta auna. Idan bai kai mita 120 ba, a ɗiga gam a fiffiken, a jira ya bushe, a ƙara takarda, a sake sa A.